Idon Wanda Ke Bayanka: Yadda Ake Gyara Hannu a Wasan Bolin

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu bar ƙwallon ƙafa ta huta, mu shiga zauren da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan katako domin a kayar da wasu itatuwa goma masu siffar kwalba. Wasan bolin ke nan. Wanda ya taɓa leƙa wasu wuraren shaƙatawa na Abuja ko Legas ya gan shi, haka ma 'yan'uwanmu da karatu ko fatauci ya kai su Dubai, Jidda, Alƙahira ko Malesiya. Da yawa sun ɗauki ƙwallon sau ɗaya, ta faɗa kwata, aka yi dariya aka watse. Wasu kuwa abin ya shiga ransu, suna komawa a kai a kai, suna biyan kuɗinsu, amma makinsu ya tsaya cak, na bana kamar na bara. Da su nake son yin magana yau.

Maganar da zan tsaya a kanta ita ce, mai jifa ba ya ganin kansa. Daga ɗaga ƙafarka zuwa lokacin da ƙwallo za ta bar hannunka daƙiƙu kaɗan ne, idonka na gaba, hannunka kuma yana can baya yana yin abin da ba ka da labari. Kana iya rantsewa hannunka ya tafi sak, alhali ya zagaya ta bayan ƙugunka ne ya dawo. Wanda ke zaune a kujera bayanka, yana jiran layi ya zo kansa, ya ga wannan sarai. Shi ya sa gyaran hannu a wannan wasa aikin mutum biyu ne: kai mai maimaitawa, da wani mai kallo wanda zai gaya maka gaskiya.

Bari mu shimfiɗa filin tukuna, domin wanda bai taɓa gani ba ya biyo mu. Titin da ƙwallo ke bi tsawonsa ƙafa 60 ne, wato mita 18 da ɗan ɗoriya, daga layin iyaka zuwa kwalbar farko. Faɗinsa mita ɗaya ne da kaɗan, an raba shi zuwa siraran filankai 39, kowanne kamar inci ɗaya. Ko a titunan zamani da ba na katako zalla ba, zanen filankan yana nan. Hagu da dama kwata ce. Kwalaben sahu huɗu ne: ta 1 a gaba, ta 2 da ta 3 a bayanta, sai ta 4, ta 5 da ta 6, sannan ta 7 zuwa ta 10 a sahun ƙarshe, ana ƙirgawa daga hagu. Kowace tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ƙwallo kuwa doka ba ta yarda ta wuce fam 16 ba, kilo 7 ke nan da ɗan ɗoriya. Wannan tsari a Amurka ya kafu, inda a 1895 masu wasan suka taru a birnin Niyok suka kafa ƙungiyar American Bowling Congress domin a daidaita dokoki, don kafin nan kowane gari da yadda yake yin nasa.

Wasa ɗaya zango 10 ne, kowane zango jifa biyu, ban da na ƙarshe wanda kan kai jifa uku. In ka kwashe goman nan a jifan farko, ka yi kwaf-ɗaya: maki 10, sannan a ƙara maka abin da ka samu a jifa biyu masu zuwa. In sai a jifa na biyu ka kwashe ragowar, ka yi ƙarashe: maki 10, a ƙara maka abin da ka samu a jifa ɗaya mai zuwa. Kwaf-ɗaya 12 a jere shi ke ba da maki 300, iyakar abin da ake samu ke nan.

To, ku ba ni aron hankalinku mu yi wani ɗan lissafi, don duk sauran shirin a kansa ya rataya. Ga mutum biyu. Kowannensu a kowane zango yana kayar da kwalabe 9 a jifan farko, ɗaya ta rage a tsaye. Na farko kullum yana kuskure ɗayar nan. A ƙarshen wasa makinsa 90. Na biyu kullum yana samun ta. Makinsa 190. Babu wanda ya yi kwaf-ɗaya ko sau ɗaya a cikinsu, ƙarfinsu ɗaya, jifansu na farko iri ɗaya, amma tazarar maki 100 ce tsakaninsu, kuma duk a kan kwalba guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina jin takaici in na ga matashi mai kyawun hannu yana ƙarar da kuɗinsa wajen neman ƙarar rugujewar kwalabe, in ɗaya ta rage kuma ya wurga ƙwallon ko oho, ya juya baya tun ba ta isa ba. A wannan jifan da ya raina ne makinsa yake zubewa.

Yanzu ina ake kallo? Abu na farko da tsohon ɗan wasa zai ce maka, in ka tambaye shi, shi ne ka daina kallon kwalabe. In ka dubi titin da kyau, kimanin ƙafa 15 daga layin iyaka, za ka ga wasu kibiyoyi guda 7 da aka zana, a kan filanki na 5, na 10, na 15, har zuwa na 35. Su ne abin saiti. Mai jifa da hannun dama yakan fara da kibiya ta biyu daga dama, wadda ke kan filanki na 10, bahago kuma ta biyu daga hagu. Dalilin a bayyane yake: abin da ke ƙafa 15 ya fi sauƙin samu a kan abin da ke ƙafa 60. Sai dai ka sani, in jifanka miƙaƙƙe ne kuma ka kauce wa kibiya da filanki ɗaya, kafin ƙwallo ta isa can kaucewar ta ninka huɗu. Inci huɗu kuwa a wurin kwalabe ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba goshin kwalbar farko ake nema ba. Mai dama yana neman ƙofar da ke tsakanin ta 1 da ta 3, bahago tsakanin ta 1 da ta 2. In jifan mai dama ya shiga yadda ake so, kwalabe huɗu kacal ƙwallon ke taɓawa, ta 1, ta 3, ta 5 da ta 9, sauran shidan 'yan'uwansu ne ke kayar da su. In ka doki ta farko a goshi, sau da yawa tsakiya ce za ta fashe a bar ka da giɓi, wata a wannan gefe wata a wancan. Mafi muninsa shi ne ta 7 da ta 10, wanda ko ƙwararru ba safai suke kwashewa ba.

A nan aikin abokinka na farko yake, kuma ina roƙon duk mai son ci gaba ya gwada shi. Ka sa ya tsaya daidai bayanka, idonsa a kan kibiyoyi. Bayan kowane jifa, kafin ya buɗe baki, kai ka fara faɗin filankin da kake jin ƙwallonka ta bi. Ka ce na 10. Shi kuma ya ce a'a, na 13 ta bi. A ranar farko za ka sha mamakin yawan saɓanin da ke tsakanin abin da kake zato da abin da ya faru. Mafi yawan lokaci abin da ke jawo shi ɗaga kai ne: ido yana barin kibiya ya tsallaka wurin kwalabe tun ƙwallo ba ta bar hannu ba, kafaɗa ta bi kai, hannu ya bi kafaɗa. Ranar da faɗarka da tasa suka fara zuwa ɗaya, ranar ka fara iya gyara kanka, domin ka fara sanin abin da kake yi. Kafin nan, duk wata dabara da za a koya maka ba ta da inda za ta zauna.

Sai taku. Mafi yawan masu koyarwa da taku huɗu suke farawa. Don ka san inda za ka tsaya, je ka bakin layin iyaka, ka juya wa kwalabe baya, ka yi taku huɗu da rabi irin na tafiyarka ta yau da kullum, ka juyo. Nan ne mafarinka. Akwai ɗigo-ɗigo a ƙasa da za su taimaka maka ka riƙe wurin, ka kuma lura da filankin da ƙafarka take kai. Mai dama da ƙafar dama yake farawa, yana tura ƙwallo gaba a lokaci guda. A taku na biyu ƙwallo ta sauko gefen ƙafarsa. A na uku ta kai ƙarshen tafiyarta ta baya. A na huɗu ƙafar hagu ta zame gaba, gwiwa a lanƙwashe, ƙwallo ta dawo ta wuce kusa da idon sawu a sake ta. Babban yatsa ne ke fara fita daga raminsa, sannan na tsakiya da mai bi masa, hannu kuma ya ci gaba da tafiya sama wajen da kake saiti.

Hannun nan lilo ne. In yaro yana kan lilo ba ka ɗaga shi ka kai shi baya da ƙarfin damtse, turawa ɗaya kake yi nauyinsa ya yi sauran aikin. Haka ƙwallo. Duk wanda ya ƙanƙame ta, ya ɗaga ta da tsoka, ya fizgo ta gaba, zai samu jifa goma iri goma, ga ciwon kafaɗa da wuyan hannu a ƙarshe. Sau da yawa kuma laifin ba na mutum ba ne, na ƙwallon da ya ɗauka ne. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ka nemi wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka ba, in kuma ka ji tana karkata maka kafaɗa ka rage. Ɗaukar mai fam 16 don a ce kai namiji ne ba ya ƙara maki ko ɗaya. Ka duba ramukan: babban yatsa ya shiga har tushe ya fita ba tare da maƙalewa ba, kada kuma ya yi yawo a ciki, don in ramin ya yi faɗi dole ka matse, in ka matse kuma lilon ya mutu.

Aikin aboki na biyu ke nan. Wannan karon ya koma gefe, ya kalli abu guda: shin ƙafa da ƙwallo tare suke isa layi, ko ɗaya tana riga ɗaya? Akwai kuma wata alama da kowa zai iya gani ko da bai san wasan ba. Bayan ka saki ƙwallo, ka tsaya a yadda kake, a kan ƙafa ɗaya, hannu a sama, har ta isa kwalabe. In ka kasa tsayawa, kana tangaɗi ko kana faɗawa gefe, to akwai abin da ya lalace tun a taku na biyu ko na uku. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar bidiyo, abin ya zo da sauƙi: ya ɗauke ka ta baya sau uku, ta gefe sau uku, ku zauna ku kalla tare. Mutum yakan yi gardama da abokinsa, amma da wuya ya yi gardama da hoton kansa.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, ga wanda yanzu ya murɗo akalar rediyonsa, muna magana ne a kan wasan bolin, da yadda maimaici da shawarar abokan wasa ke gyara hannun mutum.

Akwai wani abu a kan titin nan da ido ba ya gani sosai, shi ne mai. Ana shafa wa titi mai daga layin iyaka zuwa kimanin ƙafa 40, sauran a bar shi a bushe. Asalinsa don kare katako ne, amma ya zama rabin wasan. A kan mai ƙwallo santsi take yi, in ta fita daga cikinsa sai ta kama ƙasa, in an sake ta da juyi ta lanƙwaso zuwa ƙofa. Wannan lanƙwasar ce kuke gani a talabijin, kuma amfaninta shi ne tana shigar da ƙwallo ƙofa a karkace, yadda kwalabe za su fi bugun juna. A yawancin gidajen wasa man ya fi yawa a tsakiya, gefe-gefe kuma kaɗan. Kuma ba ya zama yadda aka shafa shi. Kowace ƙwallo da ta wuce tana kwasar wani ta tura wani gaba, saboda haka jifan da ya yi maka aiki a wasan farko yana iya ƙin yi a na uku alhali kai ba ka sauya komai ba.

Ƙa'idar da tsofaffin hannu ke ba sabo a nan gajera ce. In ƙwallonka ta bi kibiyar da ka nufa amma ta ƙare a dama da ƙofa, matsar da ƙafafunka dama, ka riƙe kibiyarka. In ta ƙare a hagu, matsa hagu. Filanki ɗaya ko biyu ya isa. Ku lura da sharaɗin: in ta bi kibiyar da ka nufa. Wanda bai san inda ƙwallonsa ta bi ba, in ya matsa, kuskure ya ɗora a kan kuskure. Haka wajen ƙarashe akwai lissafin da ake kira uku-shida-tara. Mai dama, in ta 2 ce ta rage, ya matsa filanki 3 zuwa dama ya jefa ta kibiyarsa ta kullum. In ta 4 ce, filanki 6. In ta 7 ce, filanki 9. Ta 10 kuwa, wadda ke can lungun dama a bakin kwata, ita ce mai ba masu dama wahala. Maganinta ka koma can hagu, ka jefa miƙaƙƙiya ta ratsa titin a karkace ta wajen kibiyoyin tsakiya. Har ƙwararru da yawa suna ajiye ƙwallon roba mai santsi, wadda ba ta lanƙwasa, musamman don wannan aiki.

Bari in ja kunne a nan. Ƙwallayen da ake jerawa a gidan wasa don kowa ya ɗauka ba a yi su don lanƙwasa mai yawa ba. Waɗanda kuke gani a hannun ƙwararru fatarsu daban ce, a cikinsu akwai wani nauyi da aka sassaƙa don ya juya su, an kuma huda ramukansu daidai da hannun mai su. Kada ka ga ƙwararre a waya ka je kana murɗa wuyan hannu da ƙwallon haya. Ka fara da miƙaƙƙen jifa mai zuwa wuri ɗaya kullum. Lanƙwasa za ta zo a lokacinta.

Irin wannan sani a bakin 'yan wasa yake yawo. A Amurka shekara da shekaru hanyarsa ita ce lig-lig na unguwa da na ma'aikata: ƙungiyoyi na mutum huɗu ko biyar suna haɗuwa dare ɗaya a mako, ma'aikacin masana'anta da malamin makaranta da direba a benci ɗaya. Sabo yana jifa, tsoho yana kallo, in an zauna a ce masa ga abin da aka gani. Wani masanin kimiyyar siyasa na jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya fitar da littafi a 2000 mai suna Bowling Alone, inda ya nuna cewa Amurkawa ba su daina wasan ba, amma shiga lig ta ragu ƙwarai, ya kuma ɗauki hakan a matsayin alamar yadda zumunci ke raguwa a ƙasar. Shi damuwarsa al'umma ce. Ni abin da na ɗauka a ciki na ɗan wasa ne: wanda ke zuwa shi kaɗai ya yi wasa uku ya tafi, yana iya shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya har ya zame masa jiki. Mu da wasan bai yi jijiya a wurinmu ba, masu koyarwa kuma ba su da yawa, mun fi kowa bukatar mu haɗa kanmu. Mutum uku ko huɗu da za su tsayar da rana ɗaya, su raba kuɗin titi, su riƙa kallon juna, sun wadatar.

A kan maimaici kuwa, ban san labarin da ya fi na Earl Anthony ba. Mutumin Tacoma ne a jihar Washinton, bahago, ma'aikacin wani kamfanin kayan masarufi, kuma a lig ɗin ma'aikatan kamfanin ya kama wasan da gaske bayan ya girma. A 1963 ya gwada shiga gasar ƙwararru ta PBA, wadda aka kafa a 1958, ya fito bai ci ko kwabo ba. Ya koma gida ya duƙufa. Yakan yi awoyi yana jifa a rana, sau da yawa a titin da ba a jera kwalabe ba, domin hakan ya fi araha. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Babu kwalba, babu maki, babu ƙarar da za ta faranta masa rai. Abin da ya rage masa kawai shi ne takunsa, da lilon hannunsa, da filankin da ƙwallo ta bi. Ya dawo gasar a 1970 yana da shekara 30 da 'yan kai, ya ci kofuna 43 a rayuwarsa, shi ne kuma na farko da kuɗin da ya ci a gasar ya kai dala miliyan ɗaya. Rashin kuɗi ne ya raba shi da kwalabe, amma ya dace da hanya mafi kyau, don kwalabe suna ruɗi. Mugun jifa yakan kwashe goma, kyakkyawa kuma ya bar ɗaya a tsaye. Mai auna kansa da abin da ya faɗi zai riƙa gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Ga wanda aljihunsa bai kai ya riƙa zuwa kullum ba, akwai rabonsa a wannan labari. Taku huɗun nan ana iya yin su a tsakar ɗaki da safa a ƙafa, ba ƙwallo, har jiki ya haddace. A gidan wasa kuma akwai atisayen tsayawa a bakin layi, ba taku ko ɗaya, ka yi lilo ka saki a hankali kana jin yadda babban yatsa ke fita. Daga nan ka ƙara taku ɗaya. Akwai kuma wasan da abokai ke yi na neman maki mafi ƙanƙanta, inda kowa ke ƙoƙarin ɗauke ta 7 ita kaɗai, sannan ta 10 ita kaɗai, faɗawa kwata kuma a ci mutum tara. Yana da daɗi, yana kuma koyar da lungunan da kowa ke gudu.

To amma shawara ma tana da nata haɗari, kuma ba zan ɓoye muku ba. Duk gidan wasa akwai masu ba da ita kyauta, wani ya ce ka ƙara gudu, wani ya ce ka rage, wani ya ce ka sauya ƙwallo, duk a zango ɗaya. Wanda ya bi su duka zai fita ya fi yadda ya shigo rikicewa. Kuma abin da ya yi wa wani aiki ba lalle ya yi maka ba. Jason Belmonte ɗan Ostireliya ne, daga garin Orange, iyayensa suna da gidan bolin, ya fara tura ƙwallo tun bai cika shekara biyu ba. Da yake ta fi ƙarfinsa, da hannu biyu yake jefa ta, ya kuma girma a haka, ba ya sa babban yatsa a rami. An sha ce masa ya koma hannu ɗaya kamar kowa, wasu ma sun ce abin da yake yi ba wasa ba ne. Bai sauya ba. A 2023 ya kai manyan kofuna 15 a PBA, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa, yau kuma yara da yawa a duniya da hannu biyu suke koyo. A ɗaya gefen ga Walter Ray Williams ƙarami, mai kofuna 47, wanda ya fi kowa yawa a tarihin gasar. Shi gwanin wasan jifan takalmin doki ne zuwa turke, har ya zama zakaran duniya a can, ya kuma shigo bolin da jifa mai sauƙin lanƙwasa a zamanin da wasu ke ta neman juyi mai yawa. In ka sa mutanen nan biyu gefe da gefe, ba abin da ya haɗa salonsu. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana iya maimaita nasa sau bayan sau, kuma ba sa wasa da ƙarashe.

Saboda haka ga yadda nake ganin ya kamata a karɓi shawara. Ka bambanta mai gaya maka abin da ya gani da mai gaya maka abin da yake so ka zama. Wanda ya ce, ɗan'uwa, na lura kanka yana tashi kafin ka saki, ya ba ka abin da za ka iya dubawa a bidiyo. Wanda ya ce yi kamar yadda nake yi, sai ka yi masa godiya ka auna. Ka ɗauki gyara ɗaya a rana, ka ba shi wasa biyu ko uku, kuma ka sa a ranka makinka zai iya sauka kafin ya hau, domin jiki yana barin abin da ya saba ne. Kada ka yanke hukunci da allon maki. Ka tambayi mai tsaya maka a baya: cikin jifa goma, nawa suka bi kibiyata kafin gyaran, nawa bayansa? In adadin ya ƙaru, riƙe. In bai ƙaru ba bayan ka ba shi haƙƙinsa, ajiye shi ba tare da jin nauyin kowa ba.

Kai kuma mai bayarwa, malam, akwai ladabi. Kada ka yi wa mutum magana yana kan filin taku da ƙwallo a hannu. Ka bari ya zauna, ka tambaye shi ko yana son ya ji abin da ka lura da shi. In ya yarda, faɗi abu ɗaya, a hankali, ba a gaban jama'a ana dariya ba. Na fi jaddada wannan game da yara da mata masu fara koyo, waɗanda sau da yawa ake yi musu rubdugu da gyare-gyare har su ajiye ƙwallon su koma kallo. Wasan nan ba na maza kaɗai ba ne. A 2010 wata Ba'amurkiya, Kelly Kulick, ta doke maza ta ci ɗaya daga cikin manyan kofunan PBA, a Malesiya kuma mata sun daɗe suna ɗauko wa ƙasarsu lambobin yabo a cikinsa.

Saura 'yan abubuwan kiyaye lafiya. Takalmin da ake ba ka a gidan wasa an yi tafinsa don ya zame. In ka fita da shi zuwa bayi ko wurin alwala ya taka ruwa, zai kafe a taku na huɗu ya kifar da kai, don haka ka cire shi kafin ka fita, ka kuma duba tafinsa kafin ka hau. Kada ka tsallake layin iyaka, don bayansa mai ne, ga shi kuma jifan ba zai shiga lissafi ba a gasa. In ƙwallo ta dawo ta injin, ka ɗauke ta da hannu biyu ta gefe-gefe, kada wata ta biyo ta matse maka yatsu. Mai babbar riga ya cire ta ko ya naɗe hannun, don kada ta kama ƙwallo a lilo. In kai da na titin kusa kuka tashi lokaci guda, na dama ne ke fara jifa.

In kun je wannan makon da kuɗin wasa uku, ga yadda zan so ku kashe su. Na farko kada ku kalli allo, ku yi ta faɗin filanki abokinku yana tabbatarwa. Na biyu ku ba lunguna, ta 7 da ta 10, ko da kwalabe goma ne a tsaye. Na uku ku yi shi don maki, ku rubuta a takarda ƙarashe nawa ya zo muku da nawa kuka kwashe, sannan ku karɓi wayar ku koma baya, abokin naku ya hau.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)